Yadda Zuciya Take Koyon Cin Kitse

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, idan ruwan fadamar Guri ya ja baya ya bar tabkuna nan da can, baƙin tsuntsayen da suka yi hunturu a wannan ƙasa sukan duƙufa ci ba ji ba gani. Agwagin ruwa ne da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da na cikin kacala, waɗanda suka gangaro daga Turai da Rasha tun da kaka. Suna tsintar shinkafar da ta zube a gonaki, suna cin ƙwari da tsutsotsi, domin Sahara ce a gabansu, tafiyar sama da kilomita 1,500. Masanan da suka auna irin waɗannan tsuntsaye a Malam Fatori, a gaɓar Tafkin Chadi, cikin shekarun 1960, sun tarar da waɗansu ƙanana kan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi, kuma yawancin ƙarin nan kitse ne. Idan suka lula sama, wajen kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da suke kaɗa fiffike da shi daga kitsen nan yake fitowa.

Masuncin da ke tura kwalekwalensa a ƙarƙashinsu yana ɗauke da wata tsoka da ke irin wannan aiki, ita kuwa tafiyarta ba ta kwana biyu ba ce, ta tsawon rai ce. Zuciyar baligi nauyinta wajen giram 300 ne, amma tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare, tana tura jini kusan lita 7,000. Ƙarfin da kowace ƙwayar jiki take kashewa kai tsaye wani sinadari ne da ake kira ATP. Zuciya takan cinye kimanin kilo 6 nasa kowace rana, wato ninkin nauyinta sau ashirin, alhali abin da take da shi a ajiye ba zai kai ta fiye da daƙiƙa goma ba. Dole ta riƙa sarrafa shi nan take tana kashewa. Shi ya sa kusan kashi ɗaya bisa uku na cikin ƙwayar tsokar zuciya mitokondiriya ce ta cika shi, wato 'yan ƙananan sassan da ake ƙona abinci a cikinsu da iskar oksijin.

Abincin da suke ƙonawa kuwa, a jikin baligi mai lafiya, kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari kitse ne.

Wannan kan ba mutane mamaki, don an saba jin cewa maiƙo abokin gabar zuciya ne. Wanda ya fara tabbatar da cewa kitse zuciya ke ƙonawa a jikin ɗan Adam shi ne Richard Bing, likita Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka. A farkon shekarun 1950 ya zura siririn bututu har cikin jijiyar da ke kwashe jinin da tsokar zuciya ta gama amfani da shi, ya gwada abin da ya shiga da abin da ya fito. A 2020 ayarin Zoltan Arany na Jami'ar Pennsylvania ya maimaita awon da kayan zamani a jikin mutum 110, sakamakon ya ƙara ƙarfafa maganar: kitse ne kan gaba, sukari kaɗan zuciya ke ɗauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sukari 4. Kowace mai girki ta san bambancin kara da gungumen itace: kara yakan kama nan da nan ya cinye, gungume kuwa yana so a fifita shi sosai, amma shi zai kai tukunya har ta nuna. Fifitar nan ita ce oksijin, domin ƙona kitse yana cin iska fiye da ƙona sukari da wajen kashi goma cikin ɗari ko ɗoriya kaɗan. Wannan ɗan bambanci yana da nauyi ƙwarai a duk inda iska ta yi ƙaranci.

Ɗan tayi a cikin mahaifa yana rayuwa ne cikin irin wannan ƙarancin. Iskarsa ta mabiyiya take zuwa, ba ta da yawa, saboda haka zuciyarsa sukari da laktet take ci, ba ta damu da kitse ba. Cikin kwanaki da makonni bayan haihuwa sai ta juya baki ɗaya. Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara talatin suna bi ita ce: wa ke ba da umarnin wannan juyi, kuma ta wace hanya?

Amsar tana cikin ƙwayoyin gado. Kowace ƙwayar jiki, ta hanta ce ko ta ido ko ta zuciya, tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kimanin 20,000, a jere a kan zaren DNA mai tsawon kusan mita biyu da aka nannaɗe tam. Abin da ya bambanta hanta da zuciya shi ne waɗanda ake karantawa da waɗanda aka bari a rufe. Ƙwayar gado da aka kunna ita ce wadda ake kwafar saƙonta a ƙera furotin da shi. Tun a 1961 François Jacob da Jacques Monod suka nuna a birnin Paris cewa ƙwayar bakteriya ba ta ƙera kayan narkar da sukarin madara sai idan sukarin ya iso, wato abinci da kansa yana iya kunna ƙwayoyin gadon da za su sarrafa shi. Zuciya ma a kan wannan ƙa'ida take, sai dai nata tsarin ya fi sarƙaƙiya.

Kafin kitse ya zama ƙarfi sai ya bi ta hannaye da yawa. Furotin CD36 ne ke shigo da asid ɗin kitse daga jini zuwa cikin ƙwayar tsoka. CPT1 yana haɗa shi da sinadarin kanitin don ya ƙetara bangon mitokondiriya. A ciki, jerin enzayim suna daddatsa doguwar sarƙarsa gaɓa bibbiyu, tsarin da Franz Knoop ya gano a Jamus tun 1904 ta hanyar gwaji da karnuka. Akwai kuma PDK4, wanda aikinsa shi ne tare hanyar ƙona sukari idan kitse ya wadata. Kowane ɗayan waɗannan yana da tasa ƙwayar gado, kuma a warwatse suke a wurare daban-daban na zaren DNA. Idan aka kunna ɗaya aka bar saura, aiki ya tsaya. Ana bukatar abin da zai tashe su gaba ɗaya.

Ta hanyar magani aka gano shi. A shekarun 1960 likitoci suna ba da clofibrate don rage maiƙon jini, yana kuma aiki, ba tare da an san yadda yake yi ba. Sai a 1990 Isabelle Issemann da Stephen Green a Ingila suka gano furotin ɗin da irin wannan magani yake kamawa, wanda yanzu ake kira PPAR-alfa. Bayan shekara biyu ayarin Walter Wahli a Lausanne ta ƙasar Suwizalan ya nuna, a jikin wani kwaɗon Afirka, cewa su uku ne 'yan gida ɗaya: alfa, beta ko delta, da gamma. Zuwa 1997 an tabbatar da abin da ya fi kome burgewa a wannan labari, cewa abin da ke tayar da PPAR a cikin jiki asid ɗin kitse ne da kansa.

Ga yadda abin yake faruwa. A gaban kowace ƙwayar gado ta sarrafa kitse akwai wata gajeriyar alama a jikin DNA. PPAR yakan zauna a kan alamar tare da abokin aikinsa RXR, don shi kaɗai ba ya iya kama zaren. Muddin babu kitse, waɗansu furotin masu hanawa suna manne da su, zaren yana nan a ɗaure, ba a karanta kome. A jikin PPAR akwai wani gurbi. Da zarar asid ɗin kitse ya shige gurbin sai siffar furotin ɗin ta sauya, masu hanawa su saki, masu taimako su zo su sassauta naɗin zaren, enzayim mai kwafa ya samu hanya. Cikin sa'o'i CD36 da CPT1 da PDK4 da sauran sun ƙaru. Kitsen da ya iso shi ne ya yi kiran kayan da za a ƙona shi da su, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon kiran.

Masana a Graz ta ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Rudolf Zechner, sun ƙara wani bayani a 2011. Ba kowane kitse da ya shigo ne ke isar da saƙon ba, sai wanda aka fara tarawa a 'yan ɗigo cikin ƙwayar tsoka, sannan wani enzayim mai suna ATGL ya sako shi. Ɓerayen da ba su da wannan enzayim zuciyarsu ta cika maƙil da kitse, amma ƙwayoyin gadon ƙona shi suna kashe, suka riƙa mutuwa da ƙuruciya. Da aka ba su maganin da ke tayar da PPAR-alfa sai zuciyar ta farfaɗo, suka rayu.

Cikin masu taimakon nan akwai wanda ya fi kowa tasiri, PGC-1-alfa. Pere Puigserver da Bruce Spiegelman ne suka gano shi a Boston a 1998, suna binciken yadda ɓera ke ɗumama jikinsa idan an sa shi a sanyi. Shi ba ya taɓa DNA da kansa. Yana hawa kan PPAR da wani ɗan'uwansa mai suna ERR ya ninka ƙarfinsu, kuma yawansa yana hawa idan jiki ya sha aiki, ko ya ji sanyi, ko ya ji yunwa. A 2000 ɗakin binciken Daniel Kelly a St. Louis ya nuna cewa shi ne ke sa ƙwayar zuciya ta ƙera sababbin mitokondiriya, kuma yawansa yana tashi sosai daidai lokacin haihuwa. A 2008 suka cire shi tare da tagwaicinsa PGC-1-beta daga ɓeraye. An haifi 'ya'yan da rai, amma suka mutu cikin kwanakin farko, zuciyarsu ƙarama, mitokondiriyarta ba ta nuna ba.

To, a ranar haihuwa abubuwa biyu ne suke sauyawa lokaci guda. Jariri ya ja numfashin farko, oksijin ya yawaita a jininsa, furotin HIF-1 da ke riƙe da tsarin cin sukari a lokacin ƙarancin iska ya rushe. Sannan aka sa shi a nono, wanda kusan rabin ƙarfin da ke cikinsa daga maiƙo yake. An daɗe ana ɗaukar nonon a matsayin abinci kawai a wannan lissafi, sai a 2023 ayarin Mercedes Ricote a birnin Madrid ya wallafa a mujallar Nature cewa nono yana ɗauke da umarni ma. Wani asid ɗin kitse da ke cikinsa, GLA, shi ne ke shiga gurbin RXR a zuciyar jaririn ɓera ya buɗe ƙwayoyin gadon ƙona kitse. Jariran da aka cire wa RXR daga zuciya an haife su lafiya lau a ido, amma mafi yawansu ba su wuce kwanakin farko ba. Waɗanda iyayensu mata aka hana su maiƙo a abinci su ma zuciyarsu ta gaza, kuma da aka mayar da GLA sai suka tsira.

A ɓera aka yi wannan gwaji, saboda haka ba hujja ba ce ta sayen wata ƙwayar magani a kemis. Amma akwai abin lura ga mutanen wannan yanki. Jikin uwa yana ƙera GLA ne daga asid ɗin linoleyik, wanda ɗan Adam ba ya iya ƙerawa, sai dai ya ci. Man riɗi, amfanin gonar da Jigawa ta yi suna da shi, sama da kashi 40 cikin ɗari nasa linoleyik ne, man gyaɗa kuma wajen kashi 30. Kunun gyaɗar da ake dama wa mai jego da miyar da aka sa wa riɗi ba abin rainawa ba ne. Abin damuwa shi ne gidan da ake auna riɗin kaf a kai kasuwar Haɗeja ko Maigatari, a bar mai shayarwa da tuwo da miya fara.

Wannan juyi na zuciya zuwa cin kitse yana da farashi. A 2011 masana a Dallas suka nuna cewa idan aka yanke ɗan gefen zuciyar ɓera mai kwana ɗaya, takan sake tsirowa, amma zuwa kwana bakwai wannan baiwa ta tafi. A 2023 ayarin Thomas Braun a Jamus ya toshe CPT1 a zuciyar manyan ɓeraye, ya hana ta ƙona kitse, sai ƙwayoyin tsokar suka koma rarrabuwa, har zuciyar da aka ji wa rauni ta warke. Zuciya ta sayi ƙarfi da juriya, ta biya da ikon gyara kanta.

Bayan ƙuruciya, tsarin ba ya tsayawa cik. Mai azumin Ramadan a Kadira ko Abunabo, idan rana ta take, insulin ɗinsa ya sauka, kitsen da ke ajiye a jikinsa ya fara malalowa cikin jini. Zuciya ta karɓa, ta rage cin sukari, ta bar shi ga ƙwaƙwalwa wadda ba ta iya ƙona kitse kai tsaye. Philip Randle ya bayyana wannan gasa tsakanin abincin biyu a 1963. Mataki biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Na gaggawa ba ya bi ta ƙwayoyin gado: idan aka sha ruwa da dabino da kunu, cikin mintoci insulin ya hau, wani sinadari ya tare bakin CPT1, zuciya ta ɗan karkata ga sukari. Na dogon zango shi ne na PPAR da PGC-1, wanda ke ɗaukar sa'o'i da kwanaki yana ƙara yawan kayan aikin kansu. A 1999 aka ga muhimmancin na biyun: ɓerayen da ba su da PPAR-alfa suna rayuwa lafiya muddin akwai abinci, amma da aka hana su ci na kwana ɗaya ko biyu sai sukarin jininsu ya faɗi, kitse ya taru a hanta da zuciya.

Aikin ƙarfi ma haka. Zuciyar manomin da ke shiga fadama kullum, ko mai jan koma, takan ɗan girma, PGC-1-alfa ya ƙaru, mitokondiriya da ƙananan hanyoyin jini su ƙaru tare da ita. Hawan jini shi ma yana girmar da zuciya, amma akasin wancan girma ne. Bangonta yana kauri, hanyoyin jini ba su bi sahu ba, iska ba ta kai wa ko'ina. A 1996 Michael Sack da Kelly suka auna zukatan mutanen da ciwon ya kai ga gazawa, suka tarar an rage kunna ƙwayoyin gadon ƙona kitse ƙwarai. PPAR-alfa da PGC-1-alfa sun ja baya, zuciya ta koma wa tsarin ɗan tayi na dogaro da sukari. Da farko dabara ce ta tsimin iska. Idan aka daɗe a haka sai ƙarfin ya kasa, mutum ya fara haki a ɗan taƙi, ƙafa ta kumbura. Wannan ba labarin nesa ba ne. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne babban sanadin gazawar zuciya, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne, shekarun da magidanci ke tsakiyar ɗawainiyar iyali.

Ciwon sukari yana ɓata tsarin ta ɗaya gefen. Sukari ba ya shiga ƙwayar tsoka yadda ya kamata, kitse ya yi yawa a jini, PPAR-alfa ya kasance a kunne dare da rana. A 2002 Brian Finck da Kelly suka ƙera ɓerayen da PPAR-alfa ya yi yawa a zuciyarsu kaɗai, sai zuciyar ta zama tamkar ta mai ciwon sukari ko da yake sukarin jininsu daidai yake: tana jawo kitse fiye da abin da za ta iya ƙonawa, ragowar ya zame mata guba. Ke nan kashewa cuta ce, kunnawa fiye da kima ma cuta ce. Zuciya mai lafiya ita ce mai iya juyawa. Shi ya sa har yau maganin da ke danna wannan makunni na PPAR kai tsaye bai zama maganin gazawar zuciya ba. Fenofibrate yana rage maiƙon jini, iyakarsa ke nan a wannan fage. Rosiglitazone, mai tayar da PPAR-gamma, yana tara ruwa a jiki, Tarayyar Turai ta dakatar da shi a 2010. Waɗanda suka kawo sauƙi na gaske, irin su empagliflozin da dapagliflozin, don ciwon sukari aka ƙera su tun asali, suna fitar da sukari ta fitsari, daga baya aka ga suna rage kwanciya asibiti da mutuwa ga masu gazawar zuciya.

Tarihin al'umma ma ya bar sawunsa a waɗannan ƙwayoyin gado. Mutanen Tibet da Sherpa na tsaunukan Himalaya, inda iska ba ta da kauri, suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gadon PPAR-alfa da ke tafiya da rage ƙona kitse a tsoka, abin da ke yi musu tsimin oksijin. A Afirka ta Yamma kuwa CD36 ne ya sauya. Wannan furotin da ke shigo da kitse shi ne kuma wanda jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar zazzaɓin cizon sauro suke maƙalewa a jikinsa. Wani sauyi da ke lalata shi ya yaɗu a yankin, har ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu a samfurin Yarabawan Ibadan, ko da yake babban binciken 2009 bai ga yana kare mutum daga zazzaɓi mai tsanani ba.

Inda wannan ilimi ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne ɗakin mai jego. Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ba tare da ta taɓa ciwon zuciya ba. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana ta a Zariya a 1978, inda aka ƙiyasta tana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka kuma danganta ta da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa. A Sakkwato, Simeon Isezuo da abokin aikinsa sun samu ɗaya cikin 102 a 2007. Sai rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, ta tattara mata 406 daga asibitocin ƙasar nan, aka wallafa a 2020. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke, a Kano kuma adadin ya kai ɗaya cikin 96. Rajistar ba ta tabbatar da laifin da aka daɗe ana ɗora wa wankan jego ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Cikin waɗanda aka bi sawunsu, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara ɗaya da rabi.

Me ya haɗa wannan da makunnin kitse? A 2012 ayarin Arany ya cire PGC-1-alfa daga zuciyar ɓeraye. Mazan da matan da ba su yi ciki ba sun jure. Matan da suka haihu sau ɗaya ko biyu kuwa zuciyarsu ta buɗe ta saki, daidai irin ta mai jego. Dalilin shi ne PGC-1-alfa ba kayan ƙona kitse kaɗai yake kunnawa ba. Yana kunna VEGF, wanda ke raya ƙananan hanyoyin jinin da ke kawo wa tsoka iska da kitsen, yana kuma kunna enzayim masu share gurɓatattun sinadaran da mitokondiriya ke fitarwa idan tana ƙuna. A ƙarshen ciki mabiyiya tana sakin wani furotin, sFlt1, mai kame VEGF, kuma yawansa ya fi tashi ga mai hawan jinin ciki da mai tagwaye. Zuciyar da kariyarta take da ƙarfi takan wuce wannan lokaci lafiya. Wadda kariyarta ta yi rauni sai hanyoyin jininta su ƙanƙance a daidai lokacin da ta fi bukatarsu.

Waɗansu daga cikin enzayim masu sharar nan ba sa aiki sai da sinadarin seleniyam. Likitoci a Yamai sun lura da ƙarancinsa a jikin masu wannan ciwo tun farkon shekarun 1990, Karaye ya sake samun haka a Kano a 2015. A gwajin da ya wallafa a 2020, na mata 100, waɗanda aka ba seleniyam na wata uku sun samu sauƙin haki da sauran alamomi, ko da yake hoton zuciya bai nuna bambanci a ƙarfin bugunta ba.

Akwai kuma wani ƙulli mai wuya. Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a Jamus a 2007 cewa idan gurɓatattun sinadaran nan suka taru, sukan sa a datse furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun da ya fita kuma yana lalata hanyoyin jinin zuciya. Maganin bromocriptine yana hana hakan, kuma ƙaramin gwajin da Karen Sliwa ta yi a Afirka ta Kudu a 2010 ya ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Sai dai maganin yana ƙafar da nono. A birnin da ke da madarar gwangwani da tsabtataccen ruwa, wannan abu ne da za a iya ɗauka. A ƙauyen Margadu ko Adiyani a tsakiyar damina, lokacin da ambaliya ta yanke hanya, ruwan sha ya gurɓace, jaririn da aka raba da nono yana cikin haɗari na gaske. Likitan da ke gaban irin wannan uwa rayuka biyu yake aunawa, kuma shawarar da aka rubuta a Turai ba za ta yanke masa hukunci ba.

Abin da ke hannun mutane tun yanzu ya fi wannan sauƙi. Awon ciki yana kama hawan jini kafin ya kai ga jijjiga. Mace mai ciki da ta rame tana bukatar abinci mai maiƙo da kifi da wake, kuma ƙasar da ke fitar da tarwaɗa da karfasa da riɗi zuwa kasuwannin nesa ba ta rasa su ba. Mai jegon da take haki idan ta kwanta, ko take tari da dare, ko ƙafafunta suka kumbura, bai kamata a ce gajiyar haihuwa ce a ƙara mata ruwan zafi da kanwa ba, don gishirin da ke cikin kanwa yana ƙara tara ruwa a jikin da zuciyarsa ta riga ta raunana. Asibiti za a kai ta a yi mata hoton zuciya. Magungunan fitar da ruwa da na sassauta wa zuciya aiki suna nan, akwai kuma waɗanda mai shayarwa za ta iya sha. Idan hoton ya nuna zuciyar ba ta koma daidai ba bayan watanni, likitoci sukan ba da shawarar a dakata da wani cikin, domin shi ne ya fi mayar da ciwon da tsanani, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi ta a gaban miji da uwar miji, ba da matar ita kaɗai ba.